Tuta a Rabin Sanda, Rahoto a Aljihun Tebur

Da safiyar Talata, 23 ga Afrilu, 2024, jiragen sama masu saukar ungulu na rundunar sojin ruwan Malesiya suna shawagi a jere bisa sansanin Lumut da ke jihar Perak, suna gwajin faretin cikar rundunar shekara 90. Biyu daga cikinsu suka gogi juna a sararin sama. Ɗaya ya rikito a filin wasan sansanin, ɗayan ya faɗa gefen wurin ninƙaya. Mutum goma ne a cikinsu, bakwai a jirgi ƙirar AW139, uku a ƙirar Fennec, kuma babu wanda ya tsira. Aka soke shagalin bikin, aka mayar da shi zaman addu'a, ƙasa ta ɗauki alhini.

Akwai tambayar da mutane kan yi a zuci, ba su cika furta ta ba don kunya: shin sojan da ya rasu a wurin atisaye ya cancanci irin makokin da ake yi wa wanda ya faɗi a fagen daga? A ganina ya cancanta. Matuƙin jirgin soja yana koyon abubuwan da ake horar da matuƙin jirgin fasinja ya guje musu. Yana tafiya ƙasa-ƙasa tsakanin tuddai don kada na'urar hango jirage ta gan shi. Yana tafiya a jere da wasu jirage, farfelarsa na juyawa 'yan mitoci kaɗan daga ta maƙwabcinsa. Da dare yakan sa tabarau na gani a duhu, wanda ke taƙaita ganinsa zuwa kusan digiri 40, tamkar mai leƙe ta cikin bututu. Babu yadda za a ƙware a waɗannan sai an yi su da gaske. Hatsarin da ya ɗauka ranar atisaye shi ne kuɗin da ake biya tun da wuri domin ranar da za a tura shi ɗauko wanda aka harba a daji.

To amma makokin ƙasa abu ne mai arha. Umarni ɗaya daga fadar shugaban ƙasa ya isa a sassauto da tuta, a yi shiru na minti ɗaya, a aika tawagar ta'aziyya. Abin da ke da tsada shi ne a fito a gaya wa jama'a abin da ya kashe mutanen, domin amsar takan taɓa manya. A nan ne Malesiya ta yi abin da ya dace mu lura da shi. A ƙarshen watan Mayu, kafin a cika kwana arba'in da rasuwar, shugaban rundunar ya bayyana wa duniya sakamakon bincike: jiragen biyu lafiyarsu ƙalau, yanayin sama ma bai da laifi. Jirgin Fennec ne bai kasance a tsayi da alƙiblar da aka tsara masa ba, ya shiga hanyar ɗayan, su kuma matuƙan AW139 hankalinsu ya tattara ga sauya hanya, ba su samu damar kaucewa ba. A lissafinmu na gida, matan Musulmin cikin mamatan ba su ma kai rabin takaba ba sa'ad da suka san abin da ya faru da mazajensu.

Ban ce bayanin ya gamsar da ni gaba ɗaya ba. Duk binciken da ya tsaya a kan kuskuren matuƙi ya tsaya ne a kan mutumin da ba zai iya kare kansa ba, tunda yana kabari. Wa ya tsara jeren? Sau nawa aka gwada shi a ƙasa kafin a hau sama? Awa nawa matuƙan suka yi suna tuƙi a watannin baya? Ostareliya ta taɓa nuna yadda ake zurfafa irin wannan tambaya. A ranar 12 ga Yuni, 1996, jiragen Black Hawk biyu suka yi karo da dare kusa da Townsville yayin atisayen ceto waɗanda aka yi garkuwa da su, sojoji 18 suka mutu. Kwamitin binciken bai taƙaita ga daren hatsarin ba. Ya koma baya ya nuna yadda ƙarancin jirage masu lafiya da ficewar ƙwararrun matuƙa daga aiki suka rage gogewar waɗanda suka saura, ga kuma giɓi a tsarin atisayen kansa. Haka ma wata hukuma da majalisar Amurka ta kafa: rahotonta na 2020 ya ƙirga rayuka 224 da jirage 186 da aka rasa tun daga 2013 ba a fagen yaƙi ba, ya kuma danganta su da raguwar awannin tuƙi, da ƙarancin kayan gyara, da gajiyar ma'aikata. Ma'anar wannan mai ɗaci ce ga masu tsara kasafin kuɗi. Rage atisaye don tsimi ko don tsoron hatsari shi ne ke haifar da hatsarin gaba.

Me ya sa wasu ƙasashe ke fitar da rahoto, wasu kuma su kulle shi? Dalilin yana cikin doka. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ke tafiyar da sufurin jiragen sama na farar hula a duniya, ta keɓe jiragen soja daga hukuncinta. Idan jirgin fasinja ya faɗi, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta tanadi bincike mai zaman kansa da rahoton da za a bayyana, ba don neman mai laifi ba sai don kada a maimaita. Idan jirgin soja ne, rundunar ce ke binciken kanta, kuma ita ce ke yanke shawarar abin da za mu ji. Abin da ya rage ya dogara ga dokar kowace ƙasa da ƙarfin majalisarta.

Mu a Nijeriya mun san wannan zaman makoki sarai. A ranar 26 ga Satumba, 1992, jirgin C-130 ya faɗi a Ejigbo ta Legas da mutum sama da 150, akasarinsu hafsoshi masu karatu a kwalejin Jaji, kuma an shafe shekaru ana jin koken matansu kan haƙƙoƙin da aka yi musu alkawari. A watan Satumba na 2018, jiragen yaƙi biyu suka gogi juna a Abuja yayin gwajin faretin ranar 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu. Wannan ɗan'uwan hatsarin Lumut ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sai kuma 21 ga Mayu, 2021, lokacin da jirgin da ke ɗauke da Laftanar Janar Ibrahim Attahiru ya faɗi a Kaduna, mutum 11 suka rasu. An sassauto da tuta kwana uku. Bayan 'yan watanni hukumar binciken hatsarin jirage ta miƙa wa shugaban sojin sama rahoton wucin gadi, aka ɗauki hotuna, aka sanar da adadin abubuwan da aka gano da na shawarwarin da aka bayar. Jama'a sun ji lissafi, ba su ji abin da aka lissafa ba.

Za a ce sirrin tsaro ne, musamman ga ƙasar da ke fama da yaƙi a fagage da dama. Hujjar tana da ɗan ƙarfi, domin babu mai hankalin da zai nemi a buga dabarun kai farmaki a jarida. Amma ana iya shafe waɗannan shafuka a saki sauran. Cewa wata na'ura ta lalace ba a sauya ta ba, ko an matsa wa matuƙi ya tashi cikin hadari domin babban mutum na sauri, wannan ba sirrin da ɗan bindiga zai amfana da shi ba ne. Mai amfana da ɓoye shi yana zaune a ofis.

Za a kuma ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa hana alƙali tambayar direban da ya fita da mota babu birki ba. Muna faɗin "Allah ya jiƙansu" domin mamatan. Rahoton kuwa haƙƙin rayayyu ne: ƙaramin hafsan da zai hau irin jirgin nan gobe da asuba, da mahaifiyarsa a Gusau ko Biu wadda ta sallama shi ga ƙasa.

Gyaran ba ya buƙatar alherin wani hafsa. Majalisar Dokoki ta Ƙasa, wadda ke amincewa da kuɗin sayen jiragen nan, tana da ikon sa wa a doka cewa duk hatsarin jirgin soja da aka rasa rai a cikinsa, a fitar da taƙaitaccen sakamakon bincikensa cikin wa'adin da aka ƙayyade, a sanar da iyalan mamatan kafin kowa, sannan a miƙa cikakken rahoton ga kwamitocin tsaro na majalisun biyu, su dawo bayan shekara guda su tambayi shawara nawa aka aiwatar.