Makarantar kiɗa ta bakin tabki

Ƴan uwa, in aka ce maku akwai makarantar koyon kiɗa, har yara suna kwana a can, me za ku ce? Na san wasu za su yi dariya. Za su ce kiɗa ai gado ne, ko kuwa aikin wanda ya rasa abin yi. Ni ban yarda da haka ba. Ku bari in ba ku labarin wata makaranta, sa'annan ku yanke hukunci da kanku.

Sunanta Intalokin. Tana arewacin jihar Mishigan, a ƙasar Amurka, cikin kurmi, tsakanin tabki biyu. Wani malamin kiɗa mai suna Jozef Madi ne ya kafa ta a shekara ta 1928, da yara 115. Yau dubban yara ke zuwa daga ƙasashe da dama. Suna zuwa lokacin babban hutun lakkwal, daga watan Yuni zuwa Agusta, daidai sa'ad da mu nan muke cikin damina. Wani ya yi mako biyu, wani har mako shida.

Tun daga gida ake fara shiri. Ana rubuta sunan yaro a jikin kowace riga tasa, don kada ta ɓata wurin wanki. A can kowa tufafi iri ɗaya yake sawa: riga mai launin sararin sama, da wando shuɗi mai duhu. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ba ka iya bambanta su da ido.

Ana raba yara bisa ga shekarunsu. Suna kwana a ɗakunan katako, da babba guda mai kula da su a kowane ɗaki. Da sassafe ana busa ƙaho, kowa ya tashi. Yaro ya gyara shimfiɗarsa da kansa. Su ke share ɗakinsu, kowa da aikin da aka ba shi. Abinci a babban zaure ake ci, tare, kuma a kan lokaci. Akwai wurin shan magani ga wanda ba shi da lafiya. Akwai lokacin wasa da na iyo cikin tabki. Da dare a sake busa ƙaho, a kashe fitila.

Koyon kiɗan kansa iri uku ne. Na farko, yaro ya zauna gaban malaminsa, a gyara masa hannu. Na biyu, ya shiga wani ɗan ƙaramin ɗaki cikin itatuwa, shi kaɗai, ya yi ta maimaita abin da aka koya masa. Na uku, a taru a yi kiɗa tare: masu gogen Turawa, masu sarewa, masu ƙaho, masu ganga. Shugaba yana tsaye gabansu da ƴar sanda. In mutum ɗaya ya yi gaggawa, ya ɓata aikin kowa.

To, ga ra'ayina. Abin da ke gyara waɗannan yara ba goge ba ne kaɗai. Tsarin zaman ne. Yaron da ya saba tashi kan lokaci, ya share ɗaki, ya jira a zuba masa abinci, shi ne zai iya jiran lokacinsa cikin kiɗa. Wanda ya koyi haƙuri da mai minshari kusa da shi, ya fara koyon sauraren ɗan uwansa. Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce: "Malam, wannan sai masu kuɗi." Gaskiya ne, makarantar tana da tsada ƙwarai, ko da yake ana rage wa wasu yara kuɗin. Wani kuma zai ce: "Mu da damina ƴaƴanmu suna gona." Wannan ma gaskiya ne, kuma ba ni cewa a bar hauya a ɗauki goge. Amma tsarin da na faɗa ba a saye da kuɗi. Lokaci ne tsayayye, da wuri, da malami, da babba mai sa ido.

Mu ma mun san wannan hanya. Ku tuna da marigayi Malam Maman Barka. Malamin lakkwal ne, kuma makaɗin gurumi. A shekara ta 2002 ya tafi bakin tabkin Cadi, wurin wani tsoho mai suna Bukar Tar, don ya koyi kaɗa biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar. Masu iya kaɗa shi sun kusan ƙarewa. Bai tsaya ya ce ba gadonsa ba ne. Ya zauna wurin malami, ya koya, ya kai biram har ƙasashen Turai. A Yamai kuma akwai cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989.

Abin da nake tsoro shi ne wannan: tsofaffin da suka iya algaita da goge da kalangu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. In muka hana yaro koyo a fili, gaban malami, ko dai ya bari, ko ya je ya koya a ɓoye wurin da ba mai kula da tarbiyyarsa. Duka biyun hasara ce.

Saboda haka, in ɗanka ko ɗiyarka na son kiɗa, kada ka yi saurin ɗaga bulala. Ka tambaya: wa zai koya masa? Ina zai zauna? Ƙarfe nawa zai dawo? Wa ke sa ido a kansa? In amsa ta yi kyau, ka bar shi ya koya bayan an taso daga gona.

Ku dubi kanku. Da ba ku iya haɗa baƙi da wasali ba. Kun riƙa zuwa aji kullum, kan lokaci, kuna maimaitawa. Yau ga shi kun karanta wannan shafi har ƙarshe. Kiɗa ma haka ake koyonsa.