Kafin ku biya mai surfani, ku dubi harufan



Yau da wuya mutum ya ratsa kasuwar Dole ta Damagaram ko babbar kasuwar Maraɗi bai ga rubutun zare a jikin tufa ba. Ga sunan ƙungiyar adashi a bayan riga, ga sunan shago a goshin hula, ga sunan amarya da ango a kan jakar biki. Keken surfani mai aiki da kwamfuta, irin su Brother da Tajima, ya sauƙaƙa aikin da a da sai an yi kwanaki ana yinsa. To amma sau da yawa rubutun da ake ba mu bai kai kuɗin da muke biya ba, kuma laifin ba na keken ba ne, na harufan da aka zuba masa ne.

Harafin da kuke gani a fuskar kwamfuta zane ne kawai. Kafin ya zama ɗinki, sai gwani ya zauna ya tsara wa allura hanyarta: inda za ta fara, inda za ta juya, yawan sukan da za ta yi, da ɗinkin shimfiɗa na ƙarƙashi wanda ke riƙe yadi kada ya tattare. Harufan da aka tsara haka su ne masu kyau, kuma galibi sayensu ake yi. Masu gudun kashe kuɗi kuwa sai su karɓi na kyauta da ke yawo a WhatsApp, ko su bar kwamfuta ta juya zane da kanta. Shi ya sa za ku ga cikin "a" da "e" ya cushe, zare ya tsinke, wanki biyu rubutu ya zama kamar sawun kaza. Araha ba ta ado.

Girma ma yana da ƙa'ida. Da zaren da aka saba, mai lamba 40, harafin da bai kai milimita 6 ba da wuya ya fito sarai. Ƙananan harufa suna son siririn zare mai lamba 60 da siririyar allura, kuma gara harafi miƙaƙƙe marar ado da mai lanƙwashe-lanƙwashe. Haka nan idan an riga an tsara rubutu a wani girma, kamar irin fayil ɗin da ake kira DST, aka zo aka ja shi ya ninka, yawan sukan allura ba ya ƙaruwa, sai yadi ya riƙa leƙowa ta tsakanin zare.

Babbar damuwata dai ita ce harufanmu na Hausa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Akasarin harufan surfani an yi su ne domin Turanci da harsunan Turai, babu waɗannan a ciki. Sai tela ya sa wanda ya samu. Mata sun yi karo-karo sun ɗinka anko domin marabtar baƙi, sai a rubuta musu "baki". Ana nufin son ƙasa, sai ya koma "son kasa". Sunan Ƙasimu da na Ɗayyabu duk sun rasa ƙugiyarsu. A takarda ana iya gogewa, amma a kan shadda, in aka warware zare, ramukan allura suna nan. Riguna hamsin in sun ɓaci, wa zai biya?

Wani zai ce ai kowa ya gane abin da ake nufi. Ni ban yarda ba. Telan da ba zai yarda ya bar sunan kamfanin Faransa babu ɗigonsa ba, don me zai raina namu? A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar. Abin kunya ne a ce harshen da aka ba wannan matsayi muna rubuta shi da gurgunta a ƙirjinmu.

Kuma maganin ba ya da nisa. Akwai salon harufan kwamfuta na kyauta, irin su Andika da Noto, waɗanda ke ɗauke da duka harufan nan huɗu. Akwai kuma manhajar Ink/Stitch, ita ma kyauta, wadda ake tsara hanyar allura da ita. Matashi ɗaya da ya ƙware, ya tsara harufan nan da kyau, zai iya sayar wa teloli daga Tawa har Yamai. Sana'a ce a kwance tana jiran mai ɗauka.

Mu kuma masu biya, ga abin da ke hannunmu. Ku rubuta sunan da kanku a takarda, da ƙugiyarsa, ku riƙe kwafi. Ku nemi a yi muku gwaji a kan ƙyallen yadin da za a yi aikin da shi, ba wani yadi ba. Ku juya bayansa ku duba, ku miƙa shi nesa da ido ku ga ko yana karantuwa. Kada ku cika kuɗi sai kun gamsu. Ranar da teloli suka ga mai kaya yana tafiya saboda ƙugiyar harafi, ranar za su nemo ta.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.