GANI GA WANE: Yadda Matasan Jamus Suka Ɗauko wa Kansu Hitila

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hana zalunci a tsakanin bayinSa, tsira da aminci su tabbata ga Manzon rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun samari tun daga Sule Tankarkar zuwa Gumel, Gagarawa da Maigatari, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, Naira ta faɗi, kwanon gero ya nemi ya gagari talaka. Maganar ita ce wai ba abin da zai gyara ƙasar nan sai wani namijin duniya mai bulala, wanda ba ya shawara da kowa. Wasu suna cewa soja su dawo. Wasu ma, saboda rashin sanin tarihi, har yabon Hitila suke yi, wai shi ne gwarzon da ya razana Turawan Ingila. To, tunda an ambaci sunansa, ya kamata mu san ta wace ƙofa ya shigo, su wa suka buɗe masa, kuma da me ya saka musu.

Jamus dai ƙasa ce ta masu ilimi da masana'antu. A 1871 aka haɗe masarautunta suka zama daula ɗaya a ƙarƙashin sarki mai laƙabin Kaisar, sunan nan da muka saba ji a Sira, tare da wazirinsa Bismak. Bismak ɗin nan shi ya tara Turawa a Balin daga 1884 zuwa 1885 suka shata ƙa'idojin rabon Afirka, rabon da ƙarshensa ya sa ɗan Maigatari sai ya tsallaka iyaka kafin ya gaida danginsa a ƙasar Damagaram. Jamus ta kama Kamaru da Togo da Tanganyika da Namibiya, inda ta karkashe dubun dubatar 'yan ƙabilun Herero da Nama tsakanin 1904 da 1908. Ke nan a kan baƙar fata suka fara gwada hannunsu.

Girman kai ya jefa daular cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914. Sojojinta kusan miliyan 2 suka mutu, aka ci ta da yaƙi, Kaisar ya sauka a Nuwamban 1918 ya gudu Holan. Aka kafa jamhuriya, aka rubuta tsarin mulki a garin Waima a 1919, mai zaɓe da majalisa da jam'iyyu. Amma hula aka canza, kan yana nan, domin alƙalai da hafsoshin soja da manyan ma'aikata duk na zamanin Kaisar ne, kuma ba sa ƙaunar sabon tsarin. Hafsoshin da suka sha kashi sai suka ƙirƙiri ƙaryar cewa wai ba a fagen fama aka ci su ba, 'yan siyasa da Yahudawa ne suka ci amanarsu daga gida. Ga diyyar yaƙi da aka aza wa ƙasar a 1921, mak biliyan 132 na zinariya. Gwamnati ta shiga buga takardun kuɗi ba lissafi, har a Nuwamban 1923 dala ɗaya ta kai mak tiriliyan 4.2. Wanda ya yi shekara 30 yana tari ya wayi gari abin da ya tara ba zai sayi burodi ba. Duk wanda ya ga yadda Naira ta rusuna wa Sefa a kasuwar Maigatari zai ɗan ji ƙamshin wannan ciwo, ko da yake namu bai kai ko kusa da nasu ba.

A wannan watan ne Hitila ya yi yunƙurin juyin mulki a birnin Munik, ya sha ƙasa. Alƙalan nan suka yi masa sassauci, suka yanke masa shekara 5, bayan wata 9 aka sallame shi. A zaɓen 1928, lokacin da al'amura suka ɗan lafa, jam'iyyarsa ta Nazi kashi 2.6 cikin ɗari kacal ta samu. Sai tattalin arzikin duniya ya karye a 1929, zuwa 1932 marasa aikin yi a Jamus suka kai miliyan 6, kuma a zaɓen Yulin wannan shekara ya sami kashi 37. Ku lura 'yan uwa, Hitilan 1928 shi ne na 1932, bai ƙara ilimi ba, bai canza magana ba. Yunwa ce ta canza kunnuwan masu sauraro.

Su wa suka yi masa dakon wannan aiki? Samari irinku. Yana da rundunar 'yan banga masu riga ruwan ƙasa, waɗanda yawansu ya kai wajen 400,000 a 1932. Saurayi ba aiki, ba sana'a, sai a ba shi riga da takalmi, da abinci da wurin kwana, a danƙa masa kulki, sannan a nuna masa wanda zai tsana. Duk da haka Hitila bai taɓa samun rinjayen rabin ƙuri'u a zaɓe na gaskiya ba, a Nuwamban 1932 ma ya sauko zuwa kashi 33. Manyan ƙasa ne, shugaban ƙasa Hindinbag da su Fon Papen, suka naɗa shi shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairun 1933, a tunaninsu sun sami karen farauta da za su riƙe da igiya. Ranar 27 ga Fabrairu gobara ta kama ginin majalisa, washegari aka dakatar da 'yancin jama'a. Ranar 23 ga Maris majalisa ta miƙa masa ikon yin doka. Zuwa Yuli jam'iyya ɗaya ce ta rage a ƙasar. Wata 6 ke nan.

To ina ladan samarin? Ranar 30 ga Yunin 1934, da ya ga ya gama da su, kuma hafsoshin soja sun fi su amfani, sai ya sa aka kama shugabansu Rom da manyan rundunar, aka bindige su ba shari'a tare da wasu da yake jin haushi, aƙalla mutum 85. Sauran ya tura su yaƙi a 1939, inda sojojin Jamus wajen miliyan 5 suka halaka. A 1945 har yara 'yan shekara 15 da 16 aka ba bindiga, shi kuwa yana ɓoye a ƙarƙashin ƙasa, ya kashe kansa ranar 30 ga Afrilu, ya bar ƙasar kufai, aka raba ta biyu har zuwa 1990. Ya kashe Yahudawa miliyan 6, mata da yara da tsofaffi, kuma babu wani zaluncin da ake wa 'yan uwanmu a Falasɗinu da zai mai da wannan ta'asa halal a wurin Musulmi. Mai yabonsa ya sani cewa a 1937 gwamnatinsa ta sa likitoci sun lalata wa ɗaruruwan yara masu jinin Afirka hanyar haihuwa, kuma a 1940 sojojinsa sun ware fursunonin yaƙi baƙaƙe 'yan Afirka ta Yamma da ke cikin sojan Faransa, suka karkashe sama da 1,000. Da Hitila ya iso Gumel, mu ba mutane ba ne a idonsa.

Yanzu mu dawo gida, domin mu ma mun bi wannan hanya mai zango uku. Bature ya ci Kano a Fabrairun 1903, ƙasar Gumel ma ta shiga hannunsa, aka yi mulki da haraji da jangali da gidan yarin En'e. Da siyasa ta zo aka kafa NEPU a 1950, sai ga ƙungiyar samari da ake kira Jam'iyyar Mahaukata a Kano, aikinta dukan 'yan adawa. Aka sami 'yancin kai a 1960 da alƙalai da 'yan dokan da aka gada. Ranar 15 ga Janairun 1966 bindiga ta rusa jamhuriyar, ta ci Sardauna da Tafawa Balewa, ta kai mu yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ranar 31 ga Disamban 1983 soja suka sake dawowa, jama'a suna murna, sai ga Doka ta 2 ta tsare mutum ba shari'a da Doka ta 4 ta toshe bakin 'yan jarida a 1984. An ƙirƙiro Jigawa a Agustan 1991, iyayenmu suka zaɓi Ali Sa'adu Birnin Kudu, ya hau a Janairun 1992, a Nuwamban 1993 Abacha ya rushe komai da sanarwa ɗaya. A Maris 1998 aka kwashi matasa zuwa Abuja su roƙe shi ya zarce, alhali wata 3 kafin nan Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki.

Ku dubi tsallaken iyaka. Mutanen Nijar sun zaɓi Mahamane Usman a 1993, Bare Mainasara ya kifar da shi a Janairun 1996, shi ma dogarawansa suka harbe shi a Afrilun 1999. A Yulin 2023 samari suka cika titunan Yamai suna yi wa soja tafi, aka rufe iyaka, fataken Maigatari suka ji a jikinsu, kuma a Maris 2025 aka rushe jam'iyyu, soja suka ɗiba wa kansu shekara 5. A nan gida, a zanga-zangar yunwa ta Agustan 2024, wasu sun ɗaga tutar Rasha a Kano suna kiran soja. Wa ya kwana a ciki? Yaran talakawa ne aka gurfanar a kotun Abuja a Nuwamban shekarar bisa tuhumar cin amanar ƙasa, har wasu suka faɗi a gaban alƙali don galabaita.

Ba muna cewa kowane soja Hitila ne ba. Muna cewa ƙofar iri ɗaya ce: yunwa, fushi, manyan da ke neman kare, da samarin da suka yarda su zama kulki. Wani zai ce, to mu zauna 'yan siyasa su kashe mu da yunwa? Fushin nan gaskiya ne, kuma mai sayen ƙuri'a da taliya da sabulu shi ne ke share wa mai bulala hanya, kamar yadda manyan Waima suka yi. Amma idan mai bulala ya hau, bakin mai gaskiya yake fara rufewa. Hitila ya kulle limaman coci da suka ƙi bin sa, kuma a nan ma malamai da masu wa'azi sun sha kurkuku a hannun soja. Sannan ku tuna cewa Alƙur'ani, da ya zo maganar Fir'auna, ya haɗa shi da Hamana da rundunoninsu a cikin laifi. Mai riƙe wa azzalumi kulki ba shi da uzurin cewa aiko shi aka yi.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara 30 yana karantarwa da wa'azi kafin hijirar 1804. Mutane ya gina, ba 'yan banga ba. Saboda haka, ɗan uwa, duk lokacin da wani ya zo yana neman ƙarfin damtsenka, ko da kakin soja ya zo, ko da babbar riga, ko ma da rawani, ka auna shi. In ya ce shi kaɗai ne mafita, ka ja baya. In ya nuna maka wata ƙabila ko wasu maƙwabta ya ce su ne sanadin yunwarka, ka ja baya. In ya miƙo maka gora ko ƙwaya maimakon littafi ko jari, ka tambaye shi ina nasa 'ya'yan suke. Ka riƙi makarantarka, ka riƙi gonar riɗinka da zoɓonka ko sana'arka, ka faɗi gaskiya ga shugaban ƙaramar hukuma da kansila a fili, da hujja, tare da 'yan uwanka. Wannan hanya tana da nisa, amma samarin Jamus da suka bi ta ratse, ramin kabari ta kai su.

Allah Ya yaye mana yunwa, Ya tsare mu daga zama makamin azzalumai, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.