Hasken Leza Da Mayen Ƙarfe: Kada A Bar Zariya A Baya

Duk maƙerin da ke cikin ganuwar Zariya yana iya gwada wannan a maƙerarsa: idan ƙarfe ya yi ja zur a wuta, mayen ƙarfe ba ya kama shi. Masana sun auna, sun tarar maganaɗisun ƙarfe kan gushe idan zafi ya kai digiri 770. To, abin da zugazugi da gawayi ke yi cikin mintoci, yanzu hasken leza na yin sa kafin ƙiftawar ido.

A shekarar 1996 waɗansu masana a birnin Strasbourg na Faransa suka haska leza a kan siririn ƙarfen nikel, maganaɗisunsa ya ragu ainun cikin abin da bai kai kashi ɗaya na sakan ba idan an raba sakan ɗin gida miliyan sau miliyan. A 2007 kuma masanan Jami'ar Radboud ta ƙasar Holan suka nuna cewa walƙiyar leza guda tak tana iya juya fuskar maganaɗisu a wani gamin ƙarafa, ba tare da an kawo wani mayen ƙarfe kusa ba.

Amfanin wannan ba ɓoyayye ba ne. Faifan ajiya na kwamfuta da juyin maganaɗisu yake riƙe bayanai, ko lissafin banki ne ko sakamakon jarrabawa. Manyan rumbunan adana bayanai sun cinye kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na wutar lantarkin duniya a 2024. Don haka ƙasar da ta iya rubutu da haske, cikin sauri da ƙarancin wuta, ita ce za ta sayar, sauran kuwa su saya.

A nan ne maganar ta shafi Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 ba baƙuwar babban bincike ba ce. Tun 2004 Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa take sarrafa tukunyar nukiliya ta bincike, wadda ita ce ta farko a Nijeriya. Waɗanda suka iya riƙe wannan amana ba za su kasa riƙe ɗakin gwajin leza ba.

Abin da za a lura da shi shi ne, ba basira ce ke ƙaranci ba. Ahmed Zewail na Masar, wanda ya sami lambar Nobel a 1999 saboda nazarin sinadarai da irin wannan leza, a Jami'ar Iskandariya ya soma karatu, amma a Amurka ya sami kayan aiki, can kuma aka ci moriyarsa. Komai gwanintar manomi, in babu fartanya sai ya koma ƙodago a gonar wani.

Saboda haka ya wajaba Gwamnatin Tarayya da asusun TETFund su ware kuɗi don kafa ɗakin gwajin leza a wannan jami'a, tare da wutar da ba ta ɗaukewa da ma'aikatan gyara, domin na'urar da aka saya aka kulle asara ce. Gwamnatin Jihar Kaduna kuma ta wadata makarantu irin su Kwalejin Alhudahuda da kayan gwaji da ƙwararrun malaman kimiyya, gama da icce yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa hukumomi su ji, su kuma aikata.