"An San Halinsa" Ba Shaida Ba Ce

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta yi rassa a Wurno da Rabah da Goronyo, wadda muke ganin wajibi ne a tumɓuke ta tun daga saiwa. Da zarar an sace saniya ko an yi garkuwa da mutum, sai a nuna wani a ce, "Ai an san halinsa," ko "Ubansa ma ɓarawo ne." Idan kuwa alƙali ya nemi shaidu, sai a ce ya ci hanci.

Ba mu jahilci raɗaɗin da ya haifi wannan magana ba. Ba mu manta da kisan Tabanni a ƙasar Rabah a 2018 ba, balle harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021, inda 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 40. Amma mu tuna cewa 'yan kwanaki kafin wannan hari, 'yan sa-kai sun kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa, ba alƙali, ba shaida, sai zato kawai. Shin zaton ya kawo aminci?

Mu koma ga Littafi da Sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas labarin wata mace da ta shahara da alfasha a Madina, har Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa da zai jefe wani ba tare da hujja ba, to da ita zai jefe. Bai jefe ta ba. To, idan shaharar mugun hali ba ta ishi Annabi hujjar tsayar da haddi ba, wane ne shugaban 'yan banga da za ta ishe shi? Haka nan a Suratu Yusuf, 'yan'uwansa ne suka kafa hujja da dangantaka, suka ce ba mamaki ƙaninsu ya yi sata tunda ɗan'uwansa ya taɓa yi, alhali ƙarya suka shara wa Annabin Allah. Wannan ita ce hujjar "ɗan gidan wane ne" da ake kashe mutane da ita a yau.

Wasu masu ɗan karatu za su ce, "Ai malamai sun bambanta tsakanin mutanen da ake tuhuma." Gaskiya ne. Ibnul Ƙayyim a cikin Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya, da Ibn Farhun Bamalike a cikin Tabsiratul Hukkam, sun kasa wanda ake tuhuma kashi 3: wanda aka sani da kirki, da wanda ba a san halinsa ba, da wanda ya shahara da ɓarna. Sun yarda a tsare na ukun, a tsananta masa bincike. Amma ku lura da abu biyu. Na farko, wannan ƙofar bincike ce, ba ta zartar da haddi ba, domin haddi sai da shaidu adilai ko iƙirari, kuma shubuha tana kore shi. Na biyu, wannan iko yana hannun alƙali da shugaba, ba hannun taron kasuwa ba. Inda Shari'a ta fi tsananta tonon hali kuwa, ai halin shaidu ne, ta hanyar tazkiyya. Mu sai muka juya al'amarin: muna tona tarihin wanda ake ƙara, muna karɓar maganar duk wanda ya ɗaga murya.

Ko dokar boko ta gane wannan. Sashe na 82 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya hana a kawo mugun halin wanda ake tuhuma a shari'ar laifi, sai a wuraren da aka togace, kamar idan shi da kansa ya kawo shaidar cewa mutumin kirki ne. Dalilin a fili yake: alƙalin da ya fara jin cewa wane tsohon ɓarawo ne, zuciyarsa ta karkata tun kafin ya ji shaidu. Ingila ta faɗaɗa wannan ƙofa a dokarta ta 2003, amma ko a can alƙali ne ke tace abin da zai shiga. Ashe ba abin kunya ba ne a ce jikokin waɗanda suka zauna a ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno su ne za a koya wa wannan?

Ɓarnar tana da yawa. Ana hukunta mutum sau biyu a kan laifi ɗaya, ana toshe ƙofar tuba, ainihin mai laifi kuwa yana can daji yana dariya, domin an riga an samu wanda aka rataya wa laifinsa.

Saboda haka muna kira ga alƙalanmu da kada su saurari tarihin mutum sai bayan laifi ya tabbata, a lokacin auna horo. Muna kira ga limamai su karantar da wannan a kan mumbari. Wanda ya ga abu da idonsa ya je kotu ya ba da shaida, hukuma kuma ta kare shi. Wanda bai gani ba ya kame bakinsa, domin jinin da aka zubar da zato za a tambaye shi ranar Alƙiyama.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta. Amin.