Kafin ka biya kuɗin suri, danna tayar tsakiya



Yau maganarmu a kan wani ɗan abu ne da bai fi tafin hannu ba: suri ta kwamfuta. Ƴan uwanmu na Najeriya suna ce mata maus, wasu su ce linzamin kwamfuta. Da Faransanci ma'anar sunan kusu ne kawai. Wani zai ce, duk matsalolin garin ga a rasa abin magana sai kusu? A yi haƙuri a ji. Ga mai buga wasiƙa ko mai kallon Facebook, kowace suri ta yi. Amma ga yaron da ke zana pulan ɗin gida, ita ce cokalin gininsa. Ra'ayinmu shi ne a daina saya masa ita da ido kamar ana zaɓen rigar waya.

Mu mutanen Maraɗi mun san abin da layi guda a kan takarda ke yi. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta ci tsohon gari, sai aka hau da garin bisa tudu, aka fidda tituna a miƙe. Waɗannan tituna da muke bi yau, sai da wani ya ja su da ma'auni a kan tebur. Yanzu garin yana ta faɗaɗa ta kowane gefe, ana yanka fegi, ana gini, kuma duk mai neman izinin gini a ma'aikatar magajin gari sai ya haɗa da zane. Masu yin zanen ƴaƴanmu ne da ƙannenmu: waɗanda suka fito daga lise teknik ta Ɗan Kasawa, da ɗaliban sashen gine-gine na IUT a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Tebur da ma'auni sun koma cikin kwamfuta. AutoCAD suke aiki da shi, wanda kamfanin Autodesk na Amurka ya fito da shi tun 1982, ko ArchiCAD na ƙasar Hangari, ko SketchUp, ko Revit.

To ga inda maganar take. Duk manhajojin nan an gina su ne a kan suri mai maɓalli uku: na hagu, na dama, da ƴar tayar da ke tsakiya, wadda ita ma maɓalli ce in an danna ta. A AutoCAD, ka murza tayar gaba zanen ya matso, ka murza baya ya yi nisa. Ka danna ta ka riƙe, sai ka ja takardar duk inda kake so. Ka danna ta sau biyu da sauri, zanen duka ya bayyana a allon. A SketchUp kuwa, danna tayar ne ke juya gidan ka ga bayansa da samansa. Mai zane yana taɓa wagga taya ba iyaka daga safe zuwa dare. Saboda haka in ta yi tauri, ko tana zamewa lokacin da ake danna ta, aikin wuni guda sai ya ci wuni biyu. Har suri mai tsada ta Apple, wadda ake kira Magic Mouse, ba ta da maɓallin tsakiya. Kyau ne da ita, amma ba don wannan aiki aka yi ta ba.

Yaranmu da yawa ma ba su da suri ɗin sam. Saboda ɗaukewar wuta kowa ya koma ga kwamfutar hannu, musamman tun watan Agusta na 2023 lokacin da aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, aka kwashe watanni ana fama. Kwamfutar hannu ta taimaka, ba musu. Sai dai za ka tarar da ɗalibi yana jan bango da yatsa guda a kan ɗan faifan shafawar nan. Wannan kamar a ba magini cokalin shayi ne a ce ya yi shafe.

In an tashi saye kuma, sai a faɗa wani ramin. Kayan da ke shigo mana daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa, akwai nagari akwai na banza, kuma na banzan ya fi ɗaukar ido: fitilu ja da kore suna walƙiya, an rubuta DPI da wata ƙatuwar lamba a kwali. DPI ɗin nan yana nufin nisan da ɗan kibiyar ke tafiya a allo in ka motsa hannu. Ga mai zane, tsakanin 800 da 1600 ya wadatar. Daidaiton pulan ba daga nan yake fitowa ba. Yana fitowa ne daga awon da ka buga da lamba, da maɓallin F3 mai sa layi ya kama ƙarshen ɗan uwansa daidai, da F8 mai hana layi karkacewa. Wanda ya ƙara kuɗi don fitila, kyan ɗan maciji ya saya.

Mi ya kamata a duba? Ka je butik da kwamfutarka, ka buɗe zane na gaske, ka jona suri ɗin a gaban mai kaya. Fara da tayar: danna ta sau ashirin, ka ji ko tana shiga da sauƙi ba tare da ta murza kanta ba. Murza ta a hankali, ka ga ko zanen yana matsowa mataki-mataki ko yana tsalle gaba da baya. Sannan ka kama wani layi da maɓallin hagu ka ja shi. In ya kuɓuce a hanya, ko dannawa guda ta zama biyu, ajiye musu kayansu. Irin wannan maɓalli shi ke gusar da bango ba ka sani ba. A zanen da aka buga a kan ma'aunin 1/100, milimita guda a takarda santimita 10 ce a ƙasa. A fegi mai mita 15 a kan 20, da maƙwabci ta kowane gefe, santimita 10 ta isa ta kai mutane gaban mai unguwa.

Bayan haka ka ɗora hannunka. Tafin hannu ya kwanta a kanta, kada yatsu su lanƙwashe kamar mai kamun fara. Ƴan ƙananan nan na tafiye-tafiye ba na wuni a kan zane ba ne. Maganar mai waya ko marar waya kuma, mu dai mun fi karkata ga mai waya: ba pil da za ta ƙare da tsakar dare ana gobe za a kai aiki, ba ɗan tsinken USB da zai ɓace a cikin jaka. Wanda ya fi son marar waya, ya ajiye pil ta biyu kusa. A samo ɗan shimfiɗin da ake ɗora ta, don idon suri ba ya gani sosai a kan gilashi ko tebur mai sheƙi. Lokacin hunturu kuwa a riƙa rufe ta da ƙyalle in an tashi, domin ƙura ta tayar take fara shiga.

Akwai kuma lafiya, wadda ba mu cika kula da ita ba sai ta tafi. Hannun da ya wuni a ƙage, wuyan hannu a lanƙwashe bisa bakin tebur, yakan fara da tsami, daga nan yatsu su riƙa mutuwa da dare. Yaro ɗan shekara 25 da hannun dama ke ciyar da shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gwiwar hannu ta samu abin jingina, hannun hagu ya koyi gajerun umarni a kan allon rubutu don ya rage ma na dama nauyi, kuma a riƙa tashi ana miƙewa. In ciwon ya ƙi tafiya, likita za a gani, ba man zafi ba.

Mun san abin da wasu za su ce: ɗalibin da ko kwamfutar aro yake yi, wa ke ta suri? Gaskiya ne. Amma ba mu ce a sayo SpaceMouse ta kamfanin 3Dconnexion da manyan ofisoshin Turai ke juya gini da ita ba. Suri mai waya, mai taya ta ƙwarai, kuɗinta bai wuce na buhun siminti guda ko biyu ba. Ta arhar da ake sakewa duk bayan wata biyu ta fi ta cin kuɗi. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Don haka kiranmu ga mutum uku ne. Masu biro da ke ɗaukar yara aikin zane, ku ba su kayan aiki kamar yadda ɗan kwangila ke ba lebura shebur. Malaman da ke koyar da AutoCAD, ku sa maganar suri da zaman hannu cikin darasin farko. Ƴan kasuwa kuma, ku bar mai saye ya gwada kafin ya biya. Mai kaya nagari ba ya tsoron gwaji. Ku kuma iyaye, in yaro ya ce a ƙara masa jika biyu don ya sayi wadda ta fi, ba wasa zai yi da ita ba. Gidan wani zai zana, watakila ma naku.

Allah ya sa albarka a sana'ar yaranmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.