Fistol A Ƙarƙashin Riga: Gudun Gara, Faɗa Wa Zago

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku 'yan'uwa matasa, wata magana tana yawo a majalisunmu na Gyallesu da Tudun Wada, wai lokaci ya yi da kowane saurayi zai nemi ƙaramar bindiga, wato fistol, ya soke ta a ƙugu ya saki riga a kai. Hujjarsu ita ce hadisin da ya nuna cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Suna kuma tuna mana cewa Masari a Katsina a 2021, da Matawalle a Zamfara a 2022, lokacin suna gwamnoni, sun ce jama'a su nemi makami. Ni kuwa na ce wannan kira ɓata ne, ko da an naɗa masa rawani.

Ba na raina tsoron kowa. A Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a nan Zariya suka kwashi ɗalibai da malamai. Hadisin kuma ingantacce ne. Amma don me ake karanta shi a rufe sauran? A cikin Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin Shaiɗan na iya fizgar hannunsa. Ya kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu, kada ya ji wa Musulmi rauni. Kibiya ke nan, wadda kowa ke gani. Ina ga abin da ke ɓoye, harsashi a ciki, a sahun salla?

Sannan ku tambaye su, a ina za a samo ta? Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da sai da lasisin Shugaban Ƙasa, ba na gwamna ba, kuma wanda aka kama da ita ba izini ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci. Ashe dai a bayan fage za ka saya, daga hannun masu safarar da ke sayar wa 'yan bindigar daji. Kuɗinka ya ƙarfafa wanda kake tsoro.

Kuma da wa za ka yi faɗan? Waɗanda ke zuwa cikin dare gungu-gungu da AK-47 ba fistol ke tsayar da su ba. Inda za ta fito shi ne ranar gardamar ƙwallo, ko rigimar siyasa, ko kishin budurwa. Faɗan da dā ke ƙarewa da mari da ban haƙuri sai ya ƙare a maƙabarta. Unguwar da ta ji ƙarar harsashi a Disambar 2015 ba ta bukatar a koya mata abin da bindiga ke bari a baya.

Mai son kare unguwa ya shiga 'yan sintirin da mai unguwa da hukuma suka sani, a fili, da rana tsaka. Mu kuma matsa wa shugabanni, domin tsaron rayuka amana ce a wuyansu, kuma za a tambaye su.

Allah Ya tsare hannayenmu daga jinin Musulmi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.